Yadda Kunyar Suruki Ta Cinye Mini Shinkafa

Shekarun baya ne, an ɗan jima, amma har yau in na tuna sai in ji kamar in kwaɗa wa kaina mari. Lokacin aurena bai fi shekara biyu ba, ina noman shinkafa a fadamar da ke ƙasan ƙauyenmu, kusa da Gehuru. Gonata ce ta ƙarshe kafin gulbi. Ta surukina kuwa, mahaifin matata, tana can gefen tudu inda ruwa bai taɓa hawa ba.

A wajenmu da gayya ake yankan shinkafa. Ana zama a raba kwanaki, yau gonar wane, gobe ta wane, kowa ya fito da laujensa. A shekarar sai ranar surukina ta faɗo Talata, tawa Laraba. Kwana ɗaya tak tsakani.

Ranar Asabar na shiga Jega sayen buhuna, na gamu da abokina direba mai bin hanyar Zamfara. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce in ina da abu a fadama in kwashe, an saki ruwan madatsa can sama, ya ga gulbi da idonsa ya cika ya batse, kwana uku ko huɗu zai iso mu. Na ɗaga kai na dubi sama, tas take, rana kamar ta gasa mutum. Ya ce in daina kallon sama, ruwan da zai ci ni ta ƙasa zai zo.

Hankalina ya tashi, don shinkafar nan ita ce abincin gidana na shekara, kuma matata na da tsohon ciki. Na nemi 'yan ƙwadago, duk an riga ni. Na samu shugaban gayya, ya ce ai abu mai sauƙi ne, musayar rana tsakanin masu gona ake yi, tunda gida ne in je in gaya wa tsohon a fara da tawa. Mai sauƙi wai! Shi ba ɗiyar mutumin yake aure ba.

Lahadi da safe na sa rigata mai kyau na tafi. Na tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina dabbobi. Da maganar ta zo maƙogwaro sai na ji bakina ya ce, "Baba, yaya ruwa?" Ya ce ruwa ya yi gyara. Na ce madalla, na tashi na fito. Da yamma na koma da niyyar yau sai na faɗa. Ya miƙo mini goro, muka ɓata lokaci muna zagin tsuntsayen da ke cin shinkafa, aka kira magariba. Litinin na sake komawa, na tarar da baƙi, wallahi har daɗi na ji da na samu hujja.

Matata ta gaji da kallona ina shiga ina fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ta ɗauki mayafi ta ce, "Malam, ubana ne fa, ba dodo ba. Bari in tahi in hwaɗa mishi." Na tare ƙofa na ce in ta fita ban yafe ba, ba za a ce na aika mace roƙo gidan ubanta ba. Ku ji girman kai, ga mutumin da ya kasa haɗa magana guda! Na ɗauki lauje na sauka fadama ni kaɗai, na yini ina yanka, abin da na tara bai taka kara ya karya ba.

Talata ni na fara isa gonar surukina, kamar yadda ya kamaci suruki. Na sunkuya ina ta zuba aiki ana yabona. Daga tudun nan kuwa ana hango gonata sarai, don haka kowane dami na ɗaure sai na saci kallo. Wajen azahar na ga wani ƙyalli tsakanin karan shinkafar. Ba ƙara, ba guguwa, ruwa ne jajawur yake tahowa a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Na gani, na kuma sunkuyar da kai na ci gaba da yankan shinkafar wani. Sai da wani cikin 'yan gayya ya miƙe ya ce waccan ba gonata ba ce ruwa ya shiga?

Surukina ya sa hannu a goshi ya duba, ya ce kowa ya bar abin da yake yi a sauka. Mun isa ruwa na gwiwa. Kafin la'asar ya kai ƙirji, sai da aka nemo kwalekwale muna lalube muna yanko zangarniya. Gonar da nake sa ran buhu talatin, uku muka tsira da su, su ma rabi suka yi baƙi.

Muna zaune a bakin ruwa jiƙe sharkaf, tsohon ya matso kusa da ni. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, mi ya hana ka hwaɗi? Ni ma tun Asabar na ji batun ruwan ga. Sau uku kana zuwa, sau uku ina jiran ka buɗe baki. Na ji nauyin in hwara, kada ka ce na raina ka, na ɗauka ba ka iya riƙon gidanka."

Ashe shi ma kunyar ce ta riƙe shi. Da matata ta ji, ko kuka ba ta yi ba, haushi ya hana ta. Cewa ta yi maza biyu masu gemu sun zauna suna ta gaisawa har gulbi ya cinye abincin shekara.

Bayan mako guda sai ga amalanke a ƙofar gidana da buhu goma na shinkafa, daga surukina. Mayarwa rashin kunya ne, karɓa kuma abin da na guda ne ya zo har gida ya same ni. Na karɓa. Da ita aka yi abincin suna, da ita muka kai wata kaka. Matata kuwa ba ta raga mini ba, duk ranar da ta ajiye mini tuwo sai ta ce in ci da kyau, na gonar Baba ne.

Har yanzu ina tuɓe takalmi in durƙusa in gaida shi, kunya ba abin yarwa ba ce. Amma na gane tana da lokaci, kuma gulbi bai san suruki ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ƙanƙantar maganar: Baba, a fara da tawa. Bakin da ya ƙi buɗewa sau ɗaya ya faɗe ta, shi ya shekara yana buɗewa safe da yamma yana cin shinkafar mutumin.