Da hannuna na shafa wa jikata shuɗi a farce

Jama'a, ku ara mini kunnuwanku, wannan ba tatsuniya ba ce. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. A shekarun da muka saba da layin zaɓe a Kwatano, ni ce babba a gidanmu na unguwar Zango. Ɗana direba ne, matarsa kuma tana fataucin atamfa, renon 'ya'yansu biyu a hannuna yake.

Babban, namiji, ya fara cewa "Kaka", sai ya daina. A kira shi ba ya waigowa, ya wuni yana juya murfin tukunya. Mata a bakin famfo suka ce allurar rigakafi ce ta shanye masa harshe. Tsoro ya kama ni. Na rantse ƙanwarsa ba za ta ga allura ba.

Da aka yi shelar rigakafin ƙyanda uwar tana kan hanya, ta bar mini sallahu in kai yarinyar. Na san ana shafa wa yara tawada a ƙaramin farce, kamar yadda ake yi mana in mun jefa ƙuri'a. Na ɗauko shuɗin maganin gyambo na shafa mata. Uwar ta dawo ta gani, har ta yi mini godiya.

Ana nan, ƙyanda ta shigo unguwa. Yarinya ta yi zafi kamar garwashi, ido ja, numfashi sama-sama. Muka hau zemijan, wato babur ɗin haya, sai asibiti. Likita ya tambaya ko an yi mata allurar, uwar ta ce tabbas, Inna ce ma ta kai ta. Ya juyo gare ni. Na faɗi gaskiya, har da zancen yayanta da ya daina magana. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce abin da ke damun yaron otizim ake kiransa, da shi ake haihuwar yaro, an bincika an sake bincikawa, ba allura ke kawo shi ba.

Iyaye, kakanni, kada tsoron abin da ba ku sani ba ya miƙa ku ga wanda ke kisa. Ku tambayi likita.

Yarinyar ta rayu, amma kunnenta ɗaya ya mutu. Yaron ya girma, yana jera wa uwarsa atamfa launi-launi, ba ya kuskure. Ɗana ya yafe mini. Surukata tana gaishe ni da ladabi kullum safe, amma ba ta sake bar mini yaro ba.