Jarkoki Biyu a Rumfar Raimo Tervo

Duk wanda ya girma a ƙauyenmu na arewacin jihar Michigan a Amurka ya san Raimo Tervo, wanda bai san fuskarsa ba ya san ƙarar zartonsa. Shekara arba'in da biyar mutumin nan yana saran itace a dajin da ya gada wurin ubansa, kuma in ka tambaye shi, a duk tsawon shekarun nan bai taɓa yin kuskure ba ko sau ɗaya. In bishiya ta faɗi inda bai nufa ba, iska ce. In motarsa ta kafe a dusar ƙanƙara, masu share hanya ne ba su san aikinsu ba. Marigayiya matarsa Irma ta yi shekara talatin da takwas tana zaune da mutum marar aibi, kowa kuwa ya ga yadda abin ya tsofar da ita.

Abu biyu Raimo yake ƙauna a duniya: zartonsa mai inji, wanda ya saya a shekarar da aka haifi 'yarsa Aila, da ita Ailar kanta. Zarton ya san ana ƙaunarsa, don kullum ana goge shi, ana wasa masa haƙora, har hira ake yi masa. Aila kuwa sai dai ta yi hasashe. Tun tana ƙarama take roƙon ya koya mata riƙe zarto, shi kuma amsarsa ɗaya ce, wai ba aikinta ba ne. Tana cika ashirin ta haɗa kayanta ta tafi birnin Milwaukee, sai dai a ji muryarta a waya ran Lahadi.

Injin zarto dai ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da man inji. Wanda ya ɗura masa zalla, minti goma ma ya yi yawa, injin zai yi zafi ya cije, shi ke nan sai jefarwa. Shi ya sa kowane gida a nan yake da jarka biyu, duka jajaye iri ɗaya, ɗaya ta haɗi don zarto, ɗaya ta zalla don injin yankan ciyawa da na share ƙanƙara. Kowa yana rubutawa a jikin tasa da manyan baƙaƙe. Rumfar ajiya kuwa ba a kulle ta. Sa kwaɗo a rumfa zagin maƙwabta ne, mutum zai ji maganarsa har a bakin coci.

To, maƙwabcin Raimo na kusa shi ne Sulo, ƙanen marigayiya Irma, ɗan siririn mutum mai dariya da yawa, wanda bai taɓa ganin dalilin da zai sa ya tuƙa mota mil goma sha biyu zuwa gidan mai ba alhali ga rumfar mijin yayarsa a buɗe. Yakan shigo da zartonsa a hannu, ya cika tanki, ya fita yana fito.

"Kai Sulo, rumfar nan tawa ta yi maka kama da gidan mai ne?" in ji Raimo wata rana daga kan baranda.

"Haba maigida, gidan mai ina zai kai naka? Can ba su iya haɗi kamar kai ba."

"Ɓarawo kawai."

"Ɓarawo da rana tsaka, yana gaishe ka? Yaya ƙafar taka?"

Irma na raye ita take shiga tsakani. Da ta rasu sai Raimo ya zauna ya yi tunani mai zurfi, irin wanda masu kaifin basira kaɗai suke yi. Ba zai sa kwaɗo ba, don kada a ce ya yi rowa. Ba zai hana Sulo ba, don Sulo ba ya hanuwa. Sai ya goge rubutun jarkokin, ya sake shi a juye: wadda ke ɗauke da fetur zalla ya rubuta mata HAƊI, ta haɗin kuma ya rubuta mata ZALLA. Bai faɗa wa kowa ba. Ya koma baranda da kofin gahawarsa yana jiran zarton Sulo ya mutu.

Shekara goma sha ɗaya yana jira.

Kada a ce bai yi wa tarkon nan hidima ba. Haɗi ba ya son daɗewa, wata ɗaya zuwa biyu ya fara lalacewa, don haka Raimo yakan zuba sabo a kan kari, ya rufe murfi gam, ya ajiye jarkokin a inuwa nesa da murhu. In rubutun ya fara dusashewa sai ya ƙara masa tawada, don kada ɓarawo ya sha wahalar karantawa. Mai yana raguwa kamar kullum. Kowace safiya ya kasa kunne wajen dajin Sulo, zarton Sulo kuwa yana ta rera waƙarsa lafiya lau, kai ka ce jiya aka fito da shi daga kanti. Raimo ya yanke hukunci cewa zarton nan na banza ne tun asali, shi ya sa ko mutuwar kirki ya kasa yi.

A kakar da ya cika saba'in aka yi masa aiki a gwiwa. Aila ta zo jinya. Tana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, aurenta ya mutu, masana'antar da take aiki kuma ta rufe. A mako na biyu, suna cin miyar kifi, ta ce masa ba tare da ta ɗago kai ba:

"Baba, ina tunanin ko in dawo gida gaba ɗaya. Dajin nan yana son mai kula da shi."

Raimo ya ajiye cokalinsa. Abin da yake roƙon Allah ke nan tun ranar da aka binne Irma, ba ya son komai a sauran kwanansa sama da ya ji motsin 'yarsa a gidan nan. Sai ya buɗe baki ya ce:

"Rufin ɗakin baya yana yoyo."

"Zan gyara."

"Uhm."

A wajen Raimo wannan runguma ce. Aila ma ta gane, don ta yi murmushi ta ƙara masa miya.

Ran Talata da hantsi yana kwance maganin ciwo ya ɗauke shi, sai ƙarar zarto ta tashe shi. Nasa ne, ko cikin dubu zai gane shi. Ya ja jiki zuwa taga. Ga Aila a tsakar gida kan wani gungumen da ya bari tun bazara, ta ware ƙafafu daidai, ta riƙe zarton yadda ya kamata, ba ta danna shi, ta bar shi yana cin itacen da kansa. Ashe a birni ta koya, wurin masu aikin sa kai na gyaran hanyoyin daji, ba ta taɓa faɗa masa ba. Daɗi ya kama tsohon har idonsa ya ciko. Ya yi kusan minti biyu yana kallo kafin ya tuna da jarka.

Wayyo! Ya buga gilashin taga, ya ƙwala mata kira. Ashe ta riga ta toshe kunnuwanta da abin kare ƙara, kamar yadda duk mai hankali yake yi. Ya rarumi sandarsa yana ɗingishi, gwiwa tana ihu, kafin ya kai ƙofa sai ya ji muryar injin ta siranta, ta yi wani irin kuka, ta ɗauke ɗif.

Aila ta shigo da zarton a rungume, hayaƙi na fita daga jikinsa. Ta ja igiyar a gabansa, igiya ta ƙi motsi.

"Baba, na kashe maka shi. Wallahi ban san abin da na yi ba. Daga jarkar haɗi na zuba, na duba sau biyu." Hawaye na zuba a fuskarta, mace mai shekara arba'in da ɗaya. "So nake ka tashi ka ga na tara maka itace."

Ga wuri ya samu. Kalma biyar zuwa shida ta isa: laifina ne, na juya rubutun. Amma fa mutum ne da bai taɓa kuskure ba shekara saba'in, ba a fara irin wannan abu da tsufa haka kawai ba shiri. Ya dubi zarton, ya dubi 'yarsa, ya ce:

"Ai dama na ce ba aikinki ba ne."

Kwana uku Aila tana dafa masa abinci, tana canja masa bandeji, tana tafiya a gidan a hankali kamar baƙuwa. Sau biyu ta sake ba shi haƙuri, shi kuma ya karɓa da girmansa, har da ɗaga hannu wai ya wuce. Abin yana cinsa, gaskiya yana cinsa, abinci ma ba ya wuce masa sosai. Kullum yakan ce gobe zai faɗa mata, in ya sami yadda zai tsara maganar ta fito da laifin Sulo a ciki.

Ran Juma'a ta kai zarton wurin mai gyara a gari. Da ta dawo sai ta wuce rumfa kai tsaye. Can sai ta shigo da farar takarda guda biyu, ta shimfiɗa su a kan tebur kusa da kofinsa. Kowacce an ɗiga mata mai. Suka zuba ido. Ɗaya ta bushe tas kamar ba a taɓa ta ba, ɗayar kuma ta bar tabon maiƙo mai ɗan shuɗi.

"Mai gyara ya ce zalla aka ɗura wa zarton. Na ce ƙarya ne, babana ba ya kuskure a mai. Sai ya koya mini wannan." Ta sa yatsa a kan busasshiyar. "Wannan daga jarkar da ka rubuta wa haɗi take. Rubutunka ne, Baba."

"Saboda Sulo ne. Ke ba ki san irin ɗibar da mutumin nan..."

"Ban tambaye ka Kawu Sulo ba. Ran Talata ka sani?"

Raimo ya dubi kofinsa.

"Ka sani. Kana kallona ina kuka, ka sani. Har haƙuri na ba ka, ka karɓa." Muryarta ba ta tashi ba, wannan ne ya fi ba shi tsoro. "Da a ranar ka faɗa mini, wallahi dariya zan yi. Amma kwana uku, Baba?"

Ta kira wata ma'aikaciyar jinya ta shirya mata zuwa kullum da safe, ta cika masa firji, ta rubuta lokutan magani ta manna a bango. Ran Asabar ta sa jakarta a mota. Raimo ya tsaya a baranda da sandarsa, bakinsa cike da magana, abin da ya fito shi ne ta kula da barewa a kan hanya.

Motar na ɓacewa ya ɗingisa zuwa rumfa. Ya ɗauki tsumma ya goge rubutun shekara goma sha ɗaya, ya rubuta gaskiya a jikin kowace jarka. Shi ne karo na farko a tarihin ƙauyenmu da Raimo Tervo ya gyara abin da ya ɓata, kuma babu shaida ko ɗaya.

Ran Litinin da safe Sulo ya shigo da fitonsa, ya cika tanki, ya ɗaga wa baranda hannu, ya wuce. Raimo ko kallonsa bai yi ba. Zarton Sulo ya tashi a dajin, ya yi waƙarsa na ɗan lokaci, sai murya ta siranta, ta yi kuka, ta ɗauke. Ba a jima ba sai ga Sulo a guje, babu dariya a fuskarsa.

"Raimo! Wa ya taɓa jarkokin nan?"

"Ni. Na gyara rubutun."

"Ka gyara? Kai? Wa ya aike ka?" Ya dangwarar da mataccen zarton a kan matakala. "Tun makon farko na ɗiga a tafin hannuna na gane ka juya su! Shekara goma sha ɗaya ina ɗiba daga mai rubutun zalla ko dubawa ba na yi, don na san kai ko za a yanka ka ba ka sake magana. Yau kuma ka tashi ka zama mutumin kirki ba sanarwa?"

To ga shi nan. Tarko ya kama, ɓarawo ya zo har gida yana kumfar baki, ranar da Raimo ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira ta zo. Ya laluba cikinsa ko zai sami ɗan daɗi, bai samu ba.

Sulo ya gaji da faɗa ya zauna a matakala yana haki. Idonsa ya sauka kan gungumen da ke tsakar gida, an yanka rabinsa gunduwa-gunduwa, kowace tsawonta ɗaya da 'yar'uwarta, bakinta a miƙe sumul.

"Wa ya yi wannan yankan? Ba hannunka ba ne, naka yana karkacewa."

"Aila ce."

"Ina take?"

Raimo ya ɗauki sandarsa. Ya shiga ciki ya ɗauki waya, ya danna lambarta, ga takardun nan biyu har yanzu a kan tebur. Ya shirya kalmominsa tsaf, babu sunan Sulo a ciki. Wayar ta yi ta ringi har ta katse, ya sake dannawa.