Ga 'Yata, da Takardu Arba'in da Ɗaya da Ta Bari

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran 'yata ta biyu, malamar adabi a makarantar sakandare, bayan jinyar kwana huɗu a asibiti. Shekarunta talatin da huɗu. Ta bar miji da 'ya'ya biyu, ta bar ni da mahaifiyarta. Wanda Ya ba mu aronta Shi Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa. A kan wannan ba ni da ja.

Uwata, haka nake kiranki tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata, haka kuma zan kira ki a nan. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da adabi a jami'a, ina gaya wa ɗalibai cewa baƙin ciki ba uzuri ba ne na rubutu marar tsari. Zan yi ƙoƙarin bin abin da na koyar.

Kina da shekara tara kika fara yi mini gyara. Na baza shafukan wani littafina a teburin falo ina dubawa kafin a kai maɗaba'a, kika tsaya a bayana kina tauna gindin fensir, kika ce, “Baba, wannan jimlar ta yi tsawo, numfashina ya ƙare ban kai ƙarshenta ba.” Na ce miki ba don yara aka rubuta ta ba. Kika ce, “To manya huhu huɗu-huɗu gare su?” Na raba jimlar gida uku, ban gaya miki ba. Daga ranar ba mu sake cin abinci a gidan nan ba tare da gardama ba, har mahaifiyarki ta kan ƙwanƙwasa cokali a kwano ta ce, “Ku ci mana, ku bar mutanen da suka mutu shekara ɗari biyar su huta.”

Da kika gama digiri na biyu na so ki biyo ni jami'a. Kika ce kafin yaro ya iso jami'a an riga an koya masa tsoron littafi, ke can baya za ki koma inda ake yin ɓarnar. Na yi fushi na wata guda, ba ki lura ba, ko kuwa kin lura kika ƙyale ni.

Yawancin alherinki a zaman makoki na ji shi, domin ba ki saba kawo irin wannan labari gida ba. Matar da ke share ajujuwanku ta zo, ta zauna a bakin ƙofa, ta fiddo takarda daga jakarta ta nuna wa mahaifiyarki sunanta da ta rubuta da hannunta. Shekara biyu kina zama da ita a lokacin hutun tara, a kan bencin bayan ɗakin malamai. Wata ɗaliba mai raunin gani ta ce duk darasin da kika rubuta a allo, sai ta tarar da shi a kan teburinta da manyan baƙaƙe, kuma ba ki taɓa miƙa mata shi a gaban aji ba. Daga bakinsu na ji cewa Malama Me-ya-sa suke kiranki a bayan ido, wai ko amsar daidai mutum ya bayar sai ya ji tambayar ta biyo baya.

Yanzu zan shiga maganar da wasu masu son mu da alheri suka roƙe ni in bari.

A manhajar ajin ƙarshe akwai tsohon wasan kwaikwayon nan na mai tsaron ƙofar birni. Annoba ta faɗo, sarki ya yi doka a rufe ƙofa, kada kowa ya shiga. 'Yar mai ƙofar tana waje lokacin da aka rufe. Kwana uku tana ƙwanƙwasawa, bai buɗe ba, ƙishirwa ta kashe ta a gindin ganuwa. Ni na rubuta sharhin da makarantu ke amfani da shi a kan wasan nan, shekara ashirin da shida da suka wuce. A babi na huɗu na ce mai ƙofar ba shi da zaɓi, mutum ne mai amana wanda ƙaddara ta murƙushe tsakanin doka da jini. Dubban yara sun haddace wannan jimla sun ci jarrabawa da ita.

A zangon da ya wuce kika nuna wa ajinki fim ɗin da aka yi a kan wasan kwanan nan. An mayar da birnin asibiti da aka killace, mai ƙofar ya zama mai gadi da kaki da waya a aljihu, yana kallon 'yarsa ta allon kyamara. Kin ari majigi, kin toshe tagogi da kwalaye, kin jawo wayar wuta tun daga ɗakin malamai, kika haska a bangon da aka goge masa jadawali. Ɗalibanki sun ba ni labarin ranar su shida a lokaci guda, suna katse juna, a kan tabarmar da muka shimfiɗa wa masu gaisuwa.

Sun ce da farko hira suke yi, suna murna an huta da rubutu. Da yarinyar ta fara buga ƙofa, kowa ya zuba wa bangon ido. Da fim ɗin ya kai kwana na biyu, wani daga bayan aji ya miƙe ya yi wa bango tsawa, “Haba baba, 'yarka ce fa!” Da shugaban asibitin ya fito yana jawabin haƙuri da ƙaddara, wanda kusan kalma da kalma daga wasan aka ɗauko shi, sai ajin ya fashe da dariya, har da masu buga tebur. Wani ya ce, “Ji shi, shi ya sha ruwa mai sanyi!” Dariyar nan ita shugaban sashenku ya jiyo daga baranda, ita ce kuma ya kafa hujja da ita daga baya.

Abin da bai tsaya ya gani ba shi ne abin da ya biyo baya. Wata yarinya da suke kira Lauya ta ɗaga hannu ta ce ki mayar da fim ɗin baya. A gefen ƙofar akwai wata 'yar taga da ake miƙa wa masu sintiri a waje abinci. Ta ce, “Malama, an hana shi shigo da ita. Wa ya hana shi miƙa mata ruwa?” Wani ya ce ai masu fim ne suka ƙara tagar. Kika kunna fitila kika ce kowa ya fito da littafinsa, ya nemo. Minti ashirin ba a jin komai sai ƙarar shafi. A kashi na ɗaya, fitowa ta biyu, suka samu layi biyu inda wani soja ke ƙorafin cewa igiyar kwandon da ake sauko musu da abinci daga kan ganuwa ta fara tsinkewa. Kwando da igiya suna nan a wasan tun ranar da aka rubuta shi.

Na san layukan. A sharhina na yi musu bayani a ƙasan shafi, na ce ƙawa ce ta marubuci don nuna rayuwar sojoji. Shekara talatin da ɗaya ina wucewa ta kansu.

Kika sa su rubuta abin da suka gani, su kawo hujja daga littafin. Yara arba'in da ɗaya suka rubuta. Mafi yawansu suka ce mai ƙofar yana da zaɓi, tsoron kada a gan shi a bakin ganuwa a zarge shi ne ya hana shi. Bakwai suka kare shi, kika ba uku daga cikinsu maki mai yawa, domin sun kafa hujja. Da koren biro kika yi gyaran, kamar kullum. Makin nan yana cikin abin da ake haɗawa a sakamakonsu na fita. Shugaban sashe ya karɓi takardun ya bi su da jan biro, ya kayar da talatin da huɗu, sannan aka ba ki takardar tuhuma: kin bar manhaja, kin mayar da aji gidan kallo, kin koya wa yara yi wa littafi dariya. A sakin layi na uku an kawo hujjar da ta fi kowacce nauyi, wato babi na huɗu na littafin ubanki.

Kin zo mini da takardun ranar wata Asabar da hantsi. Kika tsaya a ƙofar ɗakin karatuna kika ce, “Baba, yarana sun kama ka.” Kina dariya kika faɗa. Ni ban yi dariya ba. Na ce fim ba littafi ba ne, hayaniyar yara kuma ba nazari ba ce. Kika ce, “Karanta guda ɗaya kawai.” Na ce ki ajiye, zan duba. Kika ce ba za ki iya barin su ba sai in yau zan duba, na ce yau ina da aiki. Kika mayar da su jaka. Ba ki gaya mini maganar tuhuma ba, kuma na san dalili: ba ki so a ce kin kira ubanki ya tsaya miki. Mako uku ke nan kafin ki kwanta. Mai karatu zai ga abin da na gani a nan, ba sai na faɗa ba.

Mijinki ne ya kawo mini jakar bayan kwana bakwai da rasuwarki, da takardar tuhumar a ciki. Na karanta takardun arba'in da ɗaya, sau biyu, da wasan a buɗe a gefena. Akwai kurakuran rubutu, akwai mai fara jimla ya manta da ita a hanya. Amma babu yaron da ya ce abu bai nuna shafi ba. Ɗaya ya rubuta cewa kalmar ƙaddara sau goma sha huɗu ta fito a wasan, kuma ko sau ɗaya ba ta fito daga bakin wadda ke waje ba. Na ƙirga. Sha huɗu ne.

Shugabar makarantarku ta zo gaisuwa, ta yi kuka, kuma na yarda da hawayenta. Da za ta tafi ta ja ni gefe ta ce, “Farfesa, maganar nan ta wuce. Albarkacin mamaciya za mu rufe ta, ba sai kwamiti ya zauna ba.” Na tambaye ta makin wa zai tsaya. Ta ce wanda ke cikin rajista. Jan biro ke cikin rajista.

Ban amince ba, kuma a nan nake faɗa don kowa ya ji. Rufe maganar yana nufin tuhumar ta zauna a fayil ɗinki babu amsa, yara talatin da huɗu kuma su fita da faɗuwa saboda sun karanta littafi da kyau fiye da wanda ya yi masa sharhi. Idan wannan ne girmama mamaciya, mun yafe. Mutuwarki hukuncin Allah ne, na karɓa da hannu biyu. Takardar nan kuwa mutum ne ya buga ta, mutum ya sa mata hannu, mutum kuma zai janye ta.

Tun da da ni aka kafa hujja, ga amsata. Babi na huɗu kuskure ne. Ba a matsayin uba nake faɗa ba, a matsayin wanda ya rubuta shi nake faɗa. Na aika wa maɗaba'a kada a sake buga shi yadda yake, kuma a sabon bugu za a ambaci ajin da ya gano kuskuren da malamar da ta bar su suka nema. Waɗanda ke cewa fim ya raba yaran nan da littafi, su nuna mini wani aji guda da ya taɓa neman layi biyu a tsohon wasa na minti ashirin ba tare da an ce zai fito a jarrabawa ba. Dariyar da aka ji daga baranda ba littafin aka yi wa ba. An yi ta ne ga mutumin da ke wa'azin haƙuri alhali ba shi ne ke jin ƙishirwa ba, kuma ina zargin marubucin ya jira ta ƙarni da yawa.

Na nemi kwamitin ya zauna ranar Alhamis kamar yadda aka tsara tun kina raye, dokar makarantar kuma ta ba magaji damar halarta. Zan je da wasan da takardun. Ko a mayar da makin da kika bayar, ko a buɗe mini shafin da ya ƙaryata yaran nan. Ba ni da gaba da shugaban sashenku. Ni na koya masa abin da ya kare, kuma zan gaya masa haka a gaban kowa.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabari, Ka haskaka shi. Ka sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana gare ta, Ka haɗa ta da salihan bayinKa a Aljanna. Ka yafe mini abin da na gaza mata.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta, wadda ta fi ni ƙarfin zuciya a kwanakin nan. Ga surukina, wanda ya riƙe ta da mutunci shekara goma sha ɗaya. Ga jikokina biyu, Allah Ya raya su Ya albarkace su. Ga yayyenta da ƙannenta. Ga abokan aikinta duka, har da waɗanda za mu zauna da su ranar Alhamis.

Ku kuma arba'in da ɗaya, Allah Ya ba ku haƙurin rashin malamarku. Takardunku suna hannuna. A guda biyu na ga ta yi muku rowa, hannuna ya kai ga biro, na fasa. Yadda ta bar su zan kai su, kuma yadda ta bar su nake nema a shigar.