Ila Mai Jakai, Tsakanin Zango da Birni

Ila mutumin Ollelewa ne, manomin gero. In ya gama girbi ya cika rumbu, sai ya kora jakansa biyu zuwa Damagaram, ya ci rani a can yana ɗaukar mutane tsakanin unguwannin Zango da Birni. A wancan zamani Nasara na zaune a garin, jama'a ta yi yawa. Raƙuman ayari da 'yan dako da masu tallan ruwa duk hanya ɗaya suke bi. Mai lafiya kan taka da ƙafarsa, tsofaffi da masu juna biyu kuwa Ila suke nema, don jakansa ba sa firgita. Shi ma ba ya gaggawa. "Hanya, bayin Allah!" kaɗai yake cewa, taro ya buɗe.

Wata ranar kasuwa da hantsi ya ga wata tsohuwa zaune kan ƙunshinta, tana ta raba ido.

"Inna, daga ina?"

"Daga Tarka, ɗana. Kadi sunana. 'Yata Raishatu ce ta haihu, yau suna. Mijinta Jibrin, marini ne. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Ashe 'yar gida ce, ai Tarka da garinmu Ollelewa maƙwabta ne! Hau, Inna."

Suna isa ƙofar Birni suka tarar motar Nasara ta mutu a bakinta, raƙuma sun yi cirko-cirko, kowa na ta ihu. Ila bai tsaya ba. Ya zaga ta wata ƙofa, ya bi lungun da ke tsakanin duwatsu, ƙafafun Kadi har suna gogar bango, ita kuwa sai salati.

A marina aka ce Jibrin uku gare su. Na farko bai yi aure ba, na biyu ya yi jikoki. Kafin su kai gidan na uku suka ji guɗa. Raishatu ta fito a guje, ta rungume uwarta tun tana kan jaki.

Aka zaunar da Ila ya ci tuwo da naman suna, aka zuba wa jakan dusa. Bai daɗe ba ya miƙe, don ya yi wa wani malami alkawarin kai shi masallaci.

Rani tara ya yi a kan wannan hanya. Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, sai ya zauna Ollelewa, ya dasa itacen kuka a ƙofar gida, yana ba ta ruwa safe da yamma.