Makulli a Cikin Hular Abdelkerim

Ranar Lahadi, sha huɗu ga Agustan 2016, Abdelkerim ya rasa aikinsa saboda matata.

Shekara goma sha ɗaya kafin nan, kowace Asabar da sassafe yana ƙofar gidan Georges a Garoua. Ya duba mai, ya duba ruwa, ya daki kowace taya da ƙafa. Mu uku yake ɗauka: Georges mai motar, Franck abokinsa, da ni. Mu tafi Maga cin gasasshen kifi a bakin tafki, mu kwana, Lahadi mu biyo ta Kaélé tsakanin gonakin auduga. Babu mashayar da ke kan hanyar nan da ba ta san dariyar Georges ba. Ni lemo nake sha, littafi a cinya, ina ganin na fi su. Abdelkerim kuwa sai ya shimfiɗa dardumarsa a gindin dogon-yaro, makullin mota a cikin hula. Ba ya sa shi a aljihu, domin ya ce hannun mai maye yana kaiwa aljihu.

Cikinmu babu wanda ya taɓa kiran sunansa. "Shofa" kawai, yadda ake kiran direba a nan. Mu uku da digirorinmu, suna ɗaya ya gagare mu.

A ranar, bayan azahar, muna wata mashaya a Kaélé, ƙwaryar bil-bil, giyar dawa, tana zagawa, sai Flore maƙwabciyarmu ta bugo min waya. Sadiƙa matata ta faɗi, an kai ta asibiti, tana nemana.

"Bari mu ƙarasa ƙwaryar nan," in ji Georges. "Mata ai ba sa rabuwa da jiri."

Na tsaya riƙe da waya.

Abdelkerim ya naɗe darduma. "Malam, shiga mota."

"Shofa, motar ubanka ce?" Georges ya miƙe yana tangaɗi. "Kawo makulli."

"Taka ce, Maigida. Gobe zan ba ka, in idonka ya washe. In za ka zo, ga kujerarka."

"Ka tayar da ita, ka tashi daga aiki."

"To," in ji Abdelkerim, ya cire hula ya ɗauko makulli.

Damina ce. A wani mayo, wato rafi, ruwa ya hau kan hanya, motoci sun yi layi suna jira ya janye. Abdelkerim ya naɗe wando, ya shiga ya auna ruwan da gwiwarsa har ƙetare, ya dawo ya ratsa da ni a motar a hankali. Kafin magariba ina gefen gadon Sadiƙa. Ta gane ni. Ta yi min faɗa kan taɓon da ke rigata. Washegari ta rasu. Wannan faɗan shi ne abin da ya rage min a duniya.

Rana ta uku Georges ya zo ta'aziyya da sabon direba. A kan tabarmata, gaban jama'a, ya ce shofa ya sace masa mota ya bar shi a daji. Franck ya gyaɗa kai. Ni na sunkuyar da nawa.

Abdelkerim ya koma jan motar albasa, shekara tara. A wannan watan ido ya yi masa rauni, ya ajiye tuƙi. Babu walima, babu takardar yabo. Garin nan masu yanka kirtani a bikin buɗe titi yake yi wa jawabi, ba waɗanda suka san ramukansa ɗaya bayan ɗaya ba.

Kai ne mai hankalin motar nan, Abdelkerim, mu kaya ne kawai. Kai ne ka dawo da mashaya biyu da matsoraci ɗaya gida lafiya shekara goma sha ɗaya. Allah ya saka maka, ya haskaka idonka. Direbobi, ku koyi inda ake ajiye makulli. Masu zaman kujerar baya, ku koyi sunan wanda ke riƙe da ranku.

Sau da yawa na hango ka a kasuwa na tsallaka titi. Abin da ya kamata in faɗa a kan tabarmar nan bai fi numfashi ɗaya ba:

"Ƙarya kake, Georges. Wajen matata ya kai ni. Kuma sunansa Abdelkerim."