Tarihin Alhaji Mikaila Sin da Riƙon da Ya Kai Ƙasar Sin

An haifi Alhaji Mikaila Garuba a Salaga a shekarar 1949. Mahaifinsa Malam Garuba fatken goro ne, mahaifiyarsa kuwa Hajiya Latifatu.

Karatu da Aiki

Ya sauke Alƙur'ani a Yendi. A 1981 ya zama direban wasu Sinawa masana noman shinkafa, inda cikin shekara uku ya naƙalci harshensu har mutanen gari suka laƙaba masa Mikaila Sin. A 1984 ya koma Bawku da matarsa Atikatu, ya buɗe shagon kekuna.

Kasuwanci

A 1987 ya halarci baje kolin birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya haɗu da Alhaji Ma, wani Basine Musulmi mai dillancin kekuna, wanda Allah bai ba shi haihuwa ba. Aminci ya ƙullu, kaya suka riƙa zuwa, kekunan Mikaila suka cika hanyar garuruwan Zebilla da Binduri.

Al'amarin Sidiku

A 1989, bisa al'adar zango, wato unguwar Hausawa, ta ƙarfafa zumunci da riƙo, ya kai wa amininsa ɗansa Sidiku mai shekara shida, da nufin ya koyi harshe da ciniki ya dawo. A gaban Mikaila aka sa yaron ya durƙusa ya miƙa wa Alhaji Ma da matarsa shayi, dangin Alhaji Ma suka yi ta murna, shi kuwa ya ɗauka tarbiyya ce ake nuna masa.

A 1994 ya koma ɗauko shi, sai ya tarar da abin da ya girgiza shi. Ashe a wurinsu shayin nan shaida ce cewa ɗa ya zama nasu har abada, sun ma ba shi sunan gidansu. Yaron kuma Hausa ta gudu daga bakinsa, da Sinanci ya gaishe da ubansa kamar baƙo. Alhaji Ma ya ce shi bai ƙwaci ɗan kowa ba, kyauta aka ba shi a gaban jama'a.

Da Mikaila ya sauka Bawku shi kaɗai, Atikatu ta tare shi a zaure ta ce, “Alhaji, yarensu ka iya, su ba ka san su ba. Ina ɗana?” Daga ranar ya yanke cinikin, shago ya mutu, ya ƙarar da shekara huɗu yana aika saƙon roƙo.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a watan Maris na 1998 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar Bawku. Ranar sadakar arba'in sai ga Alhaji Ma a ƙofar gida da wani saurayi mai kama da mamacin sak. Babu mai fassara, domin mutum ɗaya tak da ya iya harsunan biyu yana kabari. Dattijon ya kama hannun Sidiku ya ɗora a na Atikatu, ya yi addu'a da Larabci yana hawaye, washegari ya kama hanyar Ankara, babban birnin ƙasar, don komawa Sin shi kaɗai.

Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: Adisa, Seidu, Damata, da Sidiku, wanda ya sake koyon Hausa a bakin mahaifiyarsa yana da shekara goma sha biyar. Allah ya gafarta masa.