Kunyar Ɗan Garinmu Ta Raba Ni da Shagon Kawuna

Edita, a lokacin ni matashi ne mai rawar kai, na bar lekkol, wato makaranta, a Damagaram na zo Tamanrasset ina tsaron shagon kawuna na farantan sola. Ni na matsa masa mu riƙa karɓar kuɗin kirifto, ina cika baki cewa in suka shigo waya ba mai iya janye su. Ya ce bai gane ba, amma ya yarda da ni.

Ran nan ya tafi Silet kai kaya, sai ga wani dattijo da Hausarsa irin ta garinmu tsaf, har unguwarmu ya kira. Ya ce sola da batura yake so, motarsa na hanya zuwa In Amguel, direba na sauri. Muka yi ciniki, ya tura kuɗin. Na gan su a wayata, amma ƙarƙashinsu an rubuta ana jiran tabbatarwa. Na san sai wannan rubutun ya kau kuɗi ke zama nawa. Sai na ce ya zauna a sha shayi kafin a tabbatar. Ya murtuke fuska, ya ce wato ɓarawo na ɗauke shi, shi da ya haife ni? Wallahi kunya ta rufe ni. Da hannuna na taya su lodi.

Na dawo na ƙura wa wayar ido. Ina latsawa, ina latsawa, sai na ga wayam, kuɗin sun ɓace. Ashe kafin a tabbatar, dattijon ya sake tura waɗannan kuɗin asusunsa da ƙarin ladan aikawa, sai turin da ya yi wa kansa ya riga wanda ya yi mini wucewa. Lambarsa a kashe. Jandarma kuwa na kasa tunkararsu, don takarduna ba su cika ba.

Da kawu ya dawo ya ga rabin shago fayau, na zayyana masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Hannu kawai ya miƙo ya ce, "Ba ni makullin, ɗana."

Yau leburanci nake a wajen gini, kawu kuma har yanzu yana biyan waɗanda suka ba shi kayan bashi. 'Yan'uwa 'yan kasuwa, kuɗin da ba a tabbatar ba, ba su zo ba tukuna. Ko wane ne, ya jira, in zai yi fushi ya yi. Ni na guji ɓata ran baƙo, ga shi kullum ina wuce ƙofar shagon nan ban iya ɗaga kai in gaida kawuna.